Hannu Ɗaya a Bakin Rijiya

Aikin farko da nake ba duk wanda ya zo koyon walda wurina shi ne ƙafar benci. Ƙarfe biyu ne kawai, a haɗa su su tsaya. Ku ma da aka turo daga makarantar sana'a shi na ba ku, na kuma ga yadda kuka kalli juna kuna murmushi, wai tsoho ya raina muku wayo. To, jiya na zauna a kan wanda kuka haɗa, ya durƙusa da ni a gaban mai shayi, har yanzu dariya yake yi mini. Ban ji haushi ba. Daga nesa walda ba komai ba ce: a ɗiga wuta, tartsatsi ya tashi, a ɗaga gilashi, shi ke nan. Sai ka riƙe sandar da hannunka za ka san ƙarfe ma yana da hali, wani mai haƙuri ne, wani kana taɓa shi ya huje.

Tun da kuka zo idonku na kan takardar nan da ke cikin gilashi a bango, ta shaidar ƙirƙira, wadda kuke ce wa burebe. Na ji ɗayanku yana cewa ai kurar rijiya ce kawai, gangaren da igiya ke bi ta kansa, in aka ba shi ƙarfe kafin la'asar ya haɗa. Allah ya ba shi sa'a. Ku jawo benci, ba naku ba, wancan na kirkin, in gaya muku yadda aka yi.

Ni Salifu, a wani ƙauye kusa da Affala aka haife ni. Na yi lakkwal, makarantar boko, a nan Tawa har aji shida, jarrabawa ta kayar da ni. Ranar kasuwa mahaifina ya kama hannuna ya kai ni rumfar Baba Nomau, maƙerin da ke bayan kasuwar dabbobi. Na daɗe a kan zuga-zugi kafin a bar ni in taɓa masaba, har na fara zaton tsohon ya manta da koyo na zo. Ashe wuta yake koya mini. In ba ka san lokacin da ƙarfe ya yi jan da ake so ba, dukan da za ka yi masa wahala ce kawai. Daga nan na hau awartaki, ina riƙe masa yana duka, sannan magagari, sannan aka ba ni uwar maƙera.

Gatarin da na fara ƙerawa ni kaɗai, na goge shi har yana ɗaukar ido. Baba Nomau bai ko dube shi ba. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa shi a jikin uwar maƙera, ya karkata kai.

"Ka jiya?" in ji shi. "Ƙarya shika yi. Akwai tsaga ciki."

Na rantse babu. Ya miƙo mini, ya nuna mini kututturen aduwa da ke bakin rumfa. Sara na biyu gatarin ya rabe. Bai yi faɗa ba, ya tura mini gawayi da ƙafa, ya ce in sake. Haka yake koyarwa, ba ya duka, ba ya yabo, sai dai in aikinka ya yi kyau ya ba ka rabin goronsa.

Walda kuwa da gemuna na koye ta. An buɗe wata cibiyar koyon sana'a, aka ce ana ɗaukar maƙera, Baba Nomau da kansa ya kore ni can, ya ce zamani ba ya jiran mai zuga. Malamar da ke koya mana zane, Madam Hadiza, injiniya ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Ranar farko ta ajiye buta a kan tebur ta ce mu zana ta daga sama, daga gefe, daga gaba. Na ce a raina wannan yarinya wasa ta ɗauke mu. Amma a wurinta na koyi ganin abu tun ba a ƙera shi ba, da auna shi a takarda kafin a ɓata ƙarfe. Ni kuma in ta zo ɗakin aiki nakan nuna mata yadda ake gane ƙarfen resor, wato sifirin mota, daga na banza ta wurin tartsatsinsa. Muka zama kowa malamin wani.

Da na buɗe wannan rumfa ƙofofi ne abincina, da tagogi, da gadon amare, da gindin amalanke. Masu kawo aiki kala-kala ne, za ku gan su. Ma'aikacin gwamnati yana son ƙofa mai fure, in ka yi furen ya ce na maƙwabcinsa ya fi girma. Ɗan kabu-kabu yana son a haɗa masa salansa tun injin bai huce ba. Makiyayan arewa su ne nake jin daɗinsu. Ranar kasuwa suke zuwa, su tsuguna, su juya abu a hannu, su duba shi ciki da waje. In makiyayi ya ce aikinka ya yi, to ya yi, don da shi zai tafi inda babu mai gyara.

Sai aka yi shekarar nan da damina ta yanke gero na cikin fitar da kai. Ku kuna ƙanana, wasunku ma ba a haife su ba. Mai yunwa ba ya sa a yi masa ƙofa mai fure. Injina ya kwanta, sai ɗan toshe gindin tukunya da ɗaure karyayyiyar galma. Kasuwar dabbobi ta cika da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, mai sayarwa ya fi mai saye. Daga arewa labari ɗaya ke zuwa: ciyawa ta ƙare, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, kowa na ƙara wa igiyarsa tsawo. Baba Nomau a lokacin ƙarfinsa ya ƙare, ya bar ƙira, kullum da safe yakan zo nan ya shimfiɗa buzunsa inda injin yankan nan yake yanzu, mu yi ta kallon hanya tare.

Wata ranar kasuwa cikin rani wani Buzu dogo ya tsaya a bakin rumfa, matarsa na bayansa. Na tashi na miƙa masa hannu, bai miƙo ba. Har na fara ɓata rai, sai na lura hannun rigarsa na dama lilo yake yi. Kunya ta kama ni. Sunansa Agali, matar Fadimata, daga wata rijiya arewa da Takanamat suka fito. Ita ce ta fara magana.

"An ce muna kai na mai haɗa ƙarhe," in ji ta. "Mu ba ƙohwa muka so ba. Muna son abin da mutum mai hannu guda ka iya jan ruwa da shi."

Dole in bayyana muku aikin rijiyar can, don ku 'yan famfo ne. Zurfinta, in ka saki dutse sai ka ƙosa kafin ka ji faɗuwarsa. Hannu ba ya janta, dabba ke ja. Kowane gida yana da gwafarsa, ice mai baki biyu da aka kafa a bakin rijiya ya ɗan sunkuya, a cikin bakin ake ɗora kurar ice, wadda su suke ce wa takarkart. Igiya ta bi ta kanta, gefe ɗaya wasaki, babban gugan fata, gefe ɗaya bijimi. Mace ko yaro ya kora bijimin ya yi nisa, wasaki ya taso. Namijin da ke bakin rijiya shi ke da aiki mai haɗari: hannu ɗaya ya riƙe igiya, ɗaya ya cafko wasaki cike da ruwa ya jawo shi waje, ya juye a kwami, wato kwale-kwalen icen da dabbobi ke sha a ciki.

A nan Agali ya rasa hannunsa. Wani abu ya firgita bijimi ya juyo da baya, wasaki ya koma ƙasa da nauyinsa, ya kai hannu ya tare igiya, ta naɗe masa wuyan hannu ta ja shi cikin kura. Kafin a kawo shi asibiti a nan Tawa, hannun ba ya gyaruwa. Tun daga nan ƙanensa Bilal ke shayar masa da dabbobi, da tasa kurar da nasa dabbobin ja. To ga fari, Bilal zai kora garkensa kudu neman ciyawa. Abin da ya rage wa Agali, 'yan shanu masu shayarwa da awaki da bijimin ja ɗaya, ba za su kai ko'ina ba in aka ce tafiya. Al'adar rijiyar kuwa, gwafa ba ta zama banza ana layi. In mai ita ba ya ja, dattawa su ba wani. Gwafar kuwa, kakansa ne ya kafa ta. In ta fita hannunsa, sai ya sayar da dabbobin a kasuwar da babu mai saye, ya dawo gari yana gadin ƙofar wani.

Duk wannan Fadimata ce ta faɗa. Shi kansa na ƙasa. Da ta gama ya ɗago ya ce, "In ba ta yiwuwa ka hwaɗa mani yanzu, maƙeri. Ban son a ja ni da daɗin baki."

Na ce ban sani ba, amma zan gwada. Baba Nomau daga kan buzunsa ya ce, "Gaskiya ta ya hwaɗa maka. Wanda ya ce ya sani tun bai taɓa ba, gudu nai."

Abu biyu nake nema. Na ɗaya, abin da zai riƙe igiya a madadin hannun da babu. Na yanko resor na tsohuwar mota, na ƙera shi kamar harshe mai haƙora, na ɗora shi bayan kura. In igiya na tafiya wajen bijimi sai ya kwanta ta wuce, in ta ce za ta koma rijiya sai ya cije ta. Na farko ya cije da ƙarfi har ya tsinka igiyar, na zauna da magagari na dasashe haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, abin da zai fitar da wasaki daga bakin rami. Na samo cibiyar ƙafar wata motar daji da ta mutu a tasha, na ɗora kan kurar a kanta, yadda tura ɗaya za ta juyo da shi gefe. Sakin harshen kuma na mayar da shi ƙasa, da abin taka birkin babur, ƙafa ta yi aikin. A jikin bishiyar dogon yaron can na gwada, da buhun yashi a madadin wasaki. Na sa aka ɗaure mini hannun dama a baya da rawani, na yini ina ja ina saukewa, masu wucewa suna cewa fari ya taɓa kan Salifu.

Gangaren kansa na ƙarfe na yi, na sa masa rulma, ƙwallayen nan da ke sa ƙafar mota juyawa sumul. Na cika shi da maiko. In ka murza shi da yatsa sai ya yi ta juyawa, ko sauro ya fi shi ƙara. Baba Nomau ya kara kunne, ya gyaɗa kai, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Mu maƙeran gari ne, a wurinmu abin da ke ƙugi ciwo gare shi, maganinsa mai.

Na hau motar daji zuwa Takanamat, daga can amalanken jaki. Da hantsi muka kafa ta a gwafar Agali. Rijiyar cike take, gwafa kewaye da baki, kowace da kurarta tana kuka, maza na ihu, shanu na turereniya, ga iska mai zafi tana kaɗawa. Mutane suka bar aikinsu suka zo kallo, har da dattijon da ke raba layin ruwa. Fadimata ta ɗaura wa bijiminsu igiya ta kora shi. Wasaki ya taso lafiya lau. Ya iso baki. Bijimi bai tsaya ba. Agali ya ɗaga murya, ni ma na ɗaga, iska ta kwashe. Wasaki ya daki kura, fatar ta yage, ruwan da aka sha wahalar jawowa ya koma inda ya fito, gwafar kanta ta yi ƙara ta karkace. Sai da wani ya ruga da gudu ya tare bijimin.

Mutane suka kalli juna. Can wani daga baya ya ce, ba da mugunta ba, "Hannu guda dai bai ɗaukar jinka." Dattijon ya dafa kafaɗar Agali ya ce Bilal zai tashi bayan kasuwa mai zuwa, daga nan sai a san abin yi. Agali ya juya ya tafi gindin wata aduwa ya zauna. Ni kuwa na tsaya ina duba harshe, ina duba cibiya, komai lafiya, na rasa inda ɓarnar take.

Fadimata ta dawo tana haki, ta tsaya a kan kurar tawa tana kallonta.

"Wagga ba ta magana?" ta ce.

Na ce wace irin magana.

"Tamu kuka takai. In igiyar hwata ta hau bisanta, muryar ta sake, ta yi kauri. Nan bijimi ka tsayawa, ko ban ce mai komi ba." Sannan ta ce, "Wallahi ban san ina jin ta ba, sai yau da ban ji ta ba."

Ku gane abin. Ƙarshen igiya wajen wasaki na fata ne, ya fi sauran kauri. In ya hau kan ice, kukan kura yana sauka. Mai kora tana can nesa ta ba rijiya baya, maza goma na ihu lokaci ɗaya, ba ta rarrabe muryar mijinta. Amma kowace kura da kukanta, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta cikin yara. Ita da bijimin da wannan suke aiki tun yana ɗan maraƙi, ba wanda ya taɓa faɗa da baki, don ba wanda ya taɓa ganin kurar da ba ta kuka.

Na ce to mai sauƙi ne, a sassaƙa sabuwa ta ice. Ta girgiza kai. Sabuwa da sabuwar murya za ta zo, kafin bijimi ya saba da ita Bilal ya yi nisa. Wadda ya sani ita ce tsohuwar. Tana nan, in ji ta, ta naɗe ta cikin tabarma ta ɓoye a bayan kayan ɗaki, don tun ranar da abin ya faru Agali ya ce kada ya ƙara ganinta.

Na je na same shi gindin aduwa. Na zauna, ban san ta inda zan fara ba, sai na faɗa masa kai tsaye. Ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa.

"Kukanta na ƙarshen abin da na jiya," in ji shi, "kahin in ji nawa."

Na ce na sani, ba zan tilasta masa ba.

"Ubana ya sassaƙa ta. Ina ƙarami bisa kukanta nika barci." Ya share zanen da tafin hannunsa. Ya dubi inda bijimin ke tsaye yana kaɗa wutsiya. "Shi bai san abin da ta yi mani ba. Muryarta kaɗai ya sani. Ɗauko ta, maƙeri."

Na dawo Tawa da ita a cikin buhu. Icen aduwa ne, ya yi baƙi ya yi santsi, igiya ta ci masa hanya a tsakiya. Na cire gangarena na ƙarfe da rulmarsa na ajiye, yana nan har yau, da shi nake danne takardu. Wannan aikin na Baba Nomau ne, ni na zama mai miƙo kaya. Ya ce a bar mata sandarta ta asali da take juyawa a kai, don muryar tsakanin su biyu take. Ya ɗauki gizago. Ya sassaƙa ƙananan katakai ya daidaita sandar cikin firam ɗina na ƙarfe, yana murzawa yana saurare. Da na ɗauko gwangwanin maiko bisa sabo, ya buge mini hannu kamar ina ɗan koyo.

"Kak ka kuskura," ya ce. "Yau kam ciwon shi na magani."

Maganar takarda daga baya ta zo, bayan shekaru. Makiyaya masu hannu biyu ma suka fara zuwa da tsoffin kurarsu a buhu in sa musu cikin firam, don harshen ya hana igiya komawa da mutum. Madam Hadiza ta ji labari ta zo ta gani. Ita ta ce a yi masa rajista kafin wani ya kwafa ya hana mu yin abinmu. Ta zauna a nan ta zana shi daga sama, daga gefe, daga gaba, ta rubuta bayanin da Faransanci, ta yi ta kai da kawowa Yamai har abin ya fito, ni da tuni na gaji na bari. A cikin bayanin an rubuta cewa gangaren na ice ne, kuma ba a sa masa mai. In kun matsa kusa za ku ga suna uku ne a jiki: nawa, na Baba Nomau, Allah ya jiƙansa, da na Fadimata. Madam Hadiza ta ce doka ta ce duk wanda ya kawo tunani a sa shi, na ce ko doka ba ta ce ba. Takardar ba ta mai da ni mai kuɗi ba, kuna dai ganin rufin rumfar.

Amma bari in koma rijiya. Na isa washegarin kasuwa, Bilal ya riga ya ɗaure kaya. An miƙe gwafar, Fadimata ta ɗinke wasaki. Da na fito da kurar daga buhu, Agali ya kau da kai, bai duba ba har na gama ɗaurewa. Wannan karon mutane ba su taru sosai ba, sun ga na farko, kowa ya kama gabansa. Dattijon dai yana tsaye da sandarsa.

Fadimata ta kora bijimi. Igiya ta miƙe, kurar ta buɗe baki. Kuka ne siriri mai tsawo, yana hawa yana sauka. Na ga kunnuwan bijimin sun miƙe. Na ga Agali ya ja da baya taki ɗaya, dungulmin hannunsa ya manne a ƙirji, gumi na bin gefen rawaninsa. Na so in matsa in tsaya masa, ƙafata har ta ɗaga, sai na tuna in na taɓa igiyar nan an gama, dattijo ya ga abin da zai gani. Na harɗe hannuwana a baya na riƙe su da ƙarfi. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

Agali ya tsaya yana saurare. A hankali ya dawo bakin rijiya ya gyara tsayuwa. Igiyar fata ta hau ice, muryar ta sauka ta yi kauri, can nesa bijimi ya tsaya cak, ba wanda ya ce masa komai. Igiya ta ɗan saki, harshe ya cije. Wasaki ya tsaya a sama yana ɗiga, ba ya gaba ba ya baya. Agali ya sa hannun hagu ya tura kan kurar, ta juyo, ya taka da ƙafa, wasaki ya zauna a bakin kwami. Ya kama gindinsa ya juye. Shanunsa suka zuba kai. Ya mayar da shi rijiya, aka sake, aka kuma sakewa. Dattijon ya kalla har ya gamsu, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Gwahwa ta mai ita ta," ya wuce wajen masu rigimar layi. Bilal ya zo ya rungumi wansa, ya kora garkensa ya kama hanyar kudu.

Rana ta take tsaka, ina tattara kayan aikina, sai ga wani tsohon Bafillace ya ɓullo daga arewa da 'yan awaki ramammu, leɓunansa sun tsattsage. Ba ɗan rijiyar ba ne, mai wucewa ne. A can mai wucewa ba a hana shi ruwa, yakan tsaya a gwafar da ya fara tararwa, mai ita ya ja masa. Gwafar Agali ce a bakin hanya. Tsohon ya yi sallama, ya buɗe baki zai roƙa, sai idonsa ya faɗa kan hannun rigar da ke lilo. Ya haɗiye maganarsa, ya sunkuyar da kai, ya fara kora awakinsa zuwa gwafa ta gaba.

"Baba!" Agali ya kira shi. "Ina za ka?"

Tsohon ya tsaya yana in-ina, wai ba ya so ya ɗora masa wahala.

Agali ya ɗaga hannunsa ɗaya ya yi wa Fadimata alama ta juyo da bijimi. Ya tura wasaki cikin rijiya da ƙafa.

"Nan ka hwara tsayawa," ya ce. "Kawo su su sha."